Karenka Na Binne Ƙashi? Amsar Intanet Ba Don Karen Katsina Aka Rubuta Ta Ba

Ka ɗauki wayarka yanzu ka tambayi Google me ya sa kare yake binne ƙashi. Ko da Turanci ka tambaya, ko da Hausar nan da inji ke fassarawa, shafi goma za ka buɗe amma amsa ɗaya za ka tarar, riga kawai ake sauya mata. Za a ce maka gado ne daga kyarkeci. Za a ce maka ƙasa ita ce firjin kare. Daga nan sai magani: rage masa abinci, rage masa kayan wasa, ka sama masa akwatin yashi ya riƙa tono a ciki son ransa. Amsar nan ta yi yawo har ta gaji, kuma ita ce dai masu gajerun bidiyo suke tsinta su maimaita a Facebook da TikTok.

Ba ƙarya ba ce fa. Kusan kowace jimla a cikinta tana da tushe a bincike. Abin da nake tuhumarta da shi daban ne: a jikin wani kare aka auna ta aka ɗinka, ana kuma so a sa wa kowane kare na duniya. Karen da marubutan ke kallo yana kwana a kujerar falo a Amurka ko Ingila, abincinsa daga buhun kamfani yake fitowa a kan lokaci, babban laifinsa kuwa shi ne ya ɓata ciyawar lambu. Kai kuma a ce kana zaune a Ƙofar 'Yandaka, ko can bayan ganuwa ta wajen hanyar Batsari inda sababbin gidaje suka cakuɗe da kangaye da gonaki, karenka ma'aikaci ne. Gadi yake yi ko farauta, ƙanzo da ragowar tuwo yake ci a kasko, da dare kuma ya san jujin unguwa fiye da kai. Shi ma yana binne abu, da irin motsin wancan sak. Amma abin da yake binnewa, da dalilinsa, da wanda zai je ya tono, duk ba ɗaya ba ne. A nan amsar intanet take yin shiru, a nan kuma lafiyar 'ya'yanka take.

Bari mu fara ba ta haƙƙinta. Maganar gado gaskiya ce. Tun 1872 Charles Darwin ya lura, a littafinsa kan yadda mutum da dabba ke bayyana abin da ke ransu, cewa karnuka da danginsu na daji suna binne abincin da ya yi musu yawa. Daga baya masu bincike a Jami'ar Dalhousie ta ƙasar Kanada, John Fentress da abokan aikinsa sannan Simon Gadbois, suka yi ta ɗaukar bidiyon kyarketai da yanyawar Turai da wani ɗan'uwan dila na Amurka da ake kira koyote, suna bin motsin ɗaya bayan ɗaya. Tsarin kusan iri ɗaya ne. Dabbar za ta ɗauki naman a baki ta yi ta kewaye tana shinshina ƙasa, ta tsaya ta tona da ƙafafun gaba, sau da yawa naman na bakinta, ta ajiye, ta daddanna shi da hanci, sannan ta riƙa turo ƙasa da hancin nan har ta rufe.

Riƙe wannan, don shi ne abu mafi amfani a cikin binciken gaba ɗaya kuma shafukan ba su cika faɗa ba: da ƙafa ake tono, da hanci ake rufewa. Idan ka ga karenka ya dawo hancinsa buɗu-buɗu da ƙasa, ajiya ya yi. Idan kuwa rami ka gani a buɗe, mai faɗi, marar zurfi, kusa da randa ko gindin famfo inda ƙasa ke da danshi, wannan ba ajiya ba ce, wurin kwanciya ya gyara don ya sha sanyi a bazara. Ramin da ya bi gindin katanga ya nutsa ƙasa, ko dai gafiya yake bi ko hanyar fita yake nema. Karya mai ciki kuma, wato macen kare, idan kwana 63 na cikinta sun kusa cika, ɗakin haihuwa take haƙa. Rami huɗu ke nan masu dalili huɗu, amma yawancin shafukan sai su zuba su a kwando ɗaya su kira su "matsalar tono".

Motsin yana da ƙarfi a jikin kare har ba ya buƙatar ƙasa. Kare zai ajiye ƙashi a kusurwar ɗaki mai siminti ya yi ta tura iska da hanci, yana rufe shi da ƙasar da babu ita, wani har ya goge fatar hancinsa. Ba wanda ya koya masa. Kuma ba aikin banza ba ne a daji. David Macdonald na Jami'ar Oxford ya bi yanyawar Turai a shekarun 1970, ya wallafa a 1976 cewa wadda ta yi ajiya takan dawo ta tono mafi yawan abin da ta binne, alhali wata da ba ta ga lokacin ajiyar ba kaɗan take samu ko da ta bi ta wurin. Wato ba hanci kaɗai ke aiki ba, har da tuna wuri. Shi kuma kyarkeci yana iya cin nama kusan kilo 10 a zama ɗaya, sannan ya yi kwanaki bai kama komai ba. Dabbar da rayuwarta take haka, yau ƙoshi gobe yunwa, dole ta yi rumbu.

To ina matsalar? Matsalar ita ce "gado ne daga kyarkeci" amsa ce mai rufe baki. Da an faɗe ta sai tambaya ta mutu, alhali ba a amsa abin da ya kawo ka ba. Duk karnuka ai sun gāji kyarkeci. Me ya sa naka yake binnewa na maƙwabcinka ba ya yi? Me ya sa bara bai yi ba sai bana?

A nan sai shafukan su koma wa jinsi: wai irin kaza da irin kaza, waɗanda Turawa suka haɓaka don shiga ramin dabbobi, su ne masu binnewa. A 2022 mujallar Science ta wallafa aikin Kathleen Morrill da Elinor Karlsson da abokansu, waɗanda suka tattara bayanan karnuka fiye da 18,000 daga bakin masu su, suka kuma karanta ƙwayoyin halittar fiye da 2,000. Sakamakon: jinsi yana bayyana kusan kashi 9 ne kacal cikin 100 na bambancin hali tsakanin kare da kare. Binne kayan wasa yana cikin tambayoyin da suka yi. A cikin dogayen karnukan tsere na Turai, kusan 9 cikin 10 ba su taɓa binne komai ba, amma duk da haka an sami 'yan ƙalilan da masu su suka ce sana'arsu ke nan. Shi kansa binciken nan, mafi yawan karnukansa na Amurka ne, kuma abin da masu su suka faɗa aka rubuta, ba abin da aka auna ba. Karen gida na Hausa ba ya cikin kowane jeri na jinsi a waɗannan shafukan. Raymond da Lorna Coppinger sun shafe shekaru suna nuna cewa irin karenmu, mai yawo a gari yana neman na kansa, shi ne mafi yawa a duniya. Karen falo ne baƙon abu, ba naka ba.

Kuma kare ya daɗe da rabuwa da hanyar kyarkeci. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna ba daga kyarketan da ke raye yau ya fito ba, daga wani reshe ne da ya ɓace, aƙalla shekara 15,000 da suka wuce. A 2013 Erik Axelsson da abokansa a Jami'ar Uppsala ta Suwidin sun nuna cewa yawancin karnuka suna ɗauke da ƙarin kwafi na ƙwayar halittar da ke taimaka wa narkar da sitaci. Shi ya sa tuwon masara yake riƙe karenka, abin da ba zai riƙe kyarkeci ba. (Kalmar ma kanta aro muka yi mata. Kyarkecin da kakanninmu suka sani shi ne karen dajin nan na Afirka mai farauta a garke. Da muna neman ɗan'uwan kare da ke binne abinci a ƙasarmu, dila ya fi kusa, wanda tun 2015 masana suka gane cewa na yankinmu ya fi kusanci da kyarkecin Turai fiye da dilan Asiya.)

Da a nan abin ya tsaya, da sai mu ce gardamar malamai ce. Amma labarin kyarkeci ba ya zuwa shi kaɗai, yana jawo ƙaninsa: wai kare mai ɓoye abu yana gurnani a kansa so yake ya zama shugaban gida, don haka ka ƙwace abin da ƙarfi ka nuna masa wane ne babba. Tushen wannan tunani wani aiki ne na Rudolf Schenkel a 1947, kan kyarketan da ba su san juna ba aka tara su a gidan namun daji na Basel. David Mech, wanda littafinsa na 1970 ya yaɗa tunanin, shi da kansa ya wallafa a 1999 cewa garken kyarkeci a daji iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'ya, ba fagen dambe ba. A 2009 kuma Meghan Herron da abokan aikinta a Jami'ar Pennsylvania suka tambayi masu karnukan da aka kawo asibitin halayyar dabbobi irin horon da suka gwada. Cikin karnukan da aka doka ko aka shura, kashi 43 cikin 100 sun mayar da martani da faɗa. Cikin waɗanda aka ɓamɓare wa abu daga baki da ƙarfi, kashi 39. Karnuka ne masu matsala tun farko, gaskiya ne, don haka kada ka ɗora lissafin a kan kowane kare. Amma inda alƙaluman suka dosa a bayyane yake. Mu a nan ba ma buƙatar wani ya koya mana dukan kare, sanda da dutse suna kusa. Abin da ba ma buƙata shi ne a ba sandar takardar shaidar kimiyya.

Sai maganar firji, wadda ita ce ta fi ba ni dariya. Tana da gaskiya a inda aka gano ta. A tsibirin Bylot da ke arewacin Kanada, masu bincike sun bi yanyawar ƙanƙara tana satar ƙwan dinya tana binnewa, a ƙasar da ƙarƙashinta ƙanƙara ce shekara da shekaru. Irin wannan ƙwai yana iya yin watanni bai lalace ba. Wannan kam firji ne. Yanzu ka zo da maganar Katsina a watan Afrilu, rana ta kai digiri 40, saman yashi ya fi iska zafi har ba ya takuwa da ƙafa. Ramin kare bai wuce zurfin yatsa ko tafin hannu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin cewa ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri a abinci tsakanin digiri 5 da 60. Ramin nan a tsakiyar wannan zangon yake, ga danshin naman a rufe. A hunturu busasshen ƙashi zai iya daɗewa, ya bushe kamar kilishi. A bazara da damina kuwa, ɗanyen hanji da aka binne da safe kafin jibi ya zama wani abu dabam, ga ƙuda, ga kiyashi, ga ɓera ya sami dalilin shigowa gida.

Za a ce ai cikin kare yana ɗaukar ruɓaɓɓen nama. Yana ɗauka fiye da naka, haka ne. Amma ɗauka ba ta nufin ya kashe abin da ke ciki. Kare yana iya fitar da ƙwayar salmonela a kashinsa alhali shi lafiyarsa lau, kuma tsakar gidan da yake kashi ita ce wadda ɗan da ke rarrafe yake wasa a ciki.

Shawarar "rage masa abinci" ita ce ta fi nuna wa wa aka rubuta amsar. A Amurka, wata ƙungiyar likitocin dabbobi mai bibiyar ƙibar dabbobin gida ta ƙiyasta a 2022 cewa kashi 59 cikin 100 na karnukan ƙasar nauyinsu ya wuce kima. A can, kare ya binne biskit yana nufin an cika shi. Ka duba naka. Idan kana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, ba yawan abinci ya sa shi ajiya ba, rashin tabbas ne. Kwana uku ƙanzo, ran nan kuma an yi suna ko biki a layi an jibge masa ƙasusuwan da ba zai iya cinyewa ba, ga karnukan maƙwabta uku suna jira a bakin ƙofa, ga kaji, ga akuya. Rayuwar kyarkeci ke nan a cikin birni. Mai bin shawarar intanet ido rufe zai ƙara masa yunwa, ya ƙara tura shi juji, ya ƙara masa zafin rai a kan abin da ya samu. Abin da wannan karen yake buƙata shi ne ya san lokacin cinsa: sau biyu a rana, daidai cikinsa, a lungun da ba yaro ba dabba, bayan kamar minti 15 ko 20 a ɗauke abin da ya rage. Kare da ya tabbata gobe ma akwai, sau da yawa ajiyarsa takan ragu da kanta. Ba lallai ta ƙare ba, don motsin yana nan a jikinsa.

Yanzu ga tambayar da ban taɓa cin karo da ita a saman waɗannan shafukan ba, kuma a wurina ita ce uwa: me ke cikin ramin? Marubucin Amurka bai damu ya tambaya ba saboda shi ya sayo abin da hannunsa. Kai kuwa ramin nan shaida ne, yana faɗa maka inda karenka ya kwana yana yawo. Ka sa shebur, ba hannu ba, ka duba lokacin da karen ba ya nan. Idan silifa ce ko busasshen kofato, da sauƙi. Idan ɗanyen huhu ne, ko hanta, ko kan rago, ko guntun mushe da ba kai ka ba shi ba, to ka sami labarin da ya fi ramin muhimmanci.

Ga dalili. Akwai wata 'yar ƙaramar tsila, wato tsutsar hanji mai faɗi, da masana ke kira Ekinokokus. Tsawonta bai wuce 'yan milimitoci ba, tana zaune a hanjin kare, kuma yawanci ba ta sa shi ciwo. Ƙwanta yana fita a kashin kare, tumaki da awaki da shanu da raƙuma su haɗiye shi wajen kiwo, sai ya zama ƙullutu mai ruwa a hanta ko huhunsu. Mahauta sun san wannan ƙullutun, su ne ma suke yanke wurin su yar. Idan kare ya ci abin da aka yar ɗanye, bayan kamar mako 5 zuwa 8 shi ma ya fara fitar da ƙwai, zagaye ya cika. Mutum yana shiga ciki ne ta hannu zuwa baki: ya shafa gashin kare, ko ya taɓa ƙasa ko ganyen da kashin ya taɓa. A jikin mutum ƙullutun yakan yi shekaru yana girma shiru, galibi a hanta, sai huhu, har ya kai ga tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci mutane fiye da miliyan 1 ne ke ɗauke da cututtukan wannan dangin tsila. Ba cutar wata ƙasa mai nisa ba ce: tun shekarun 1970 masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suke samun ƙullutun a dabbobin da ake yankawa a kwatocin arewa, musamman raƙuma. Akwai kuma 'yar'uwarta da ke zama a ƙwaƙwalwar tunkiya ta sa ta juyi a wuri ɗaya, ita kuma ta kan ragon da aka jefa wa kare ɗanye take komawa.

Kada a fahimce ni baibai. Binnewar ba ita ke yaɗa tsilar ba, cin ɗanyen kayan cikin ne. Zafi da bushewar rani ma suna kashe ƙwan da sauri, damina da wurare masu danshi ne suka fi ba shi dama. Abin da nake cewa shi ne mutumin da ya cike ramin da duwatsu ya zane karen ya yi maganin alama ya bar cuta. Lokacin da ya fi kamata ka sa ido kuwa ka san shi: Babbar Sallah. Kwana biyu zuwa uku kowane layi ana fiɗa, ana zubar da abin da ba a so a bayan gida da bakin lambatu, karnukan unguwa suna ta jigila. Maganin tsilar, wanda ake kira firazikwantel, ba shi da tsada, likitan dabbobi zai auna wa karen gwargwadon nauyinsa. Naman da za ka ba shi ka dafa. Ƙashin kaza dafaffe kuwa kada ka ba shi, yana tsagewa ya soki hanji.

Sai wanda zai tono. A littafin Turawa, karen ne zai dawo ya tono kayansa. A gidanmu, tulin yashin da aka sauke don gini ko lungun da ke bayan turke, nan ne wurin ajiyar kare kuma nan ne filin wasan yara. Yaro ɗan shekara huɗu yana haƙa da gwangwani, bai san akwai ƙashi a ƙasa ba, karen da kullum suke wasa tare ya taso ya sandare, ya kafe shi da ido, ya yi gurnani. Gurnanin nan alheri ne, gargaɗi ne kafin cizo. Idan duk lokacin da ya yi ka doke shi, tsoron a ƙwace masa abu yana nan, gargaɗin ne kawai ka cire. Ranar da ba ka nan sai ya tsallake gurnani ya tafi kai tsaye. Hanyar da masu horo na zamani suke bi musaya ce: ka jefa masa abin da ya fi wanda ke bakinsa daɗi can gefe, in ya tafi ka ɗauke wancan. A hankali ya koyi cewa zuwan mutum kusa da kayansa riba ce. Yara kuma a faɗa musu da babbar murya: kare na ci, ko yana kwance kan wani wuri yana kallonka ta wutsiyar ido, ka bar wurin.

Dukan bayan aiki ma ba ya koyar da komai. Ka tarar da rami da safe, ka jawo karen ka nuna masa, ya sunkuyar da kai ya maƙale wutsiya, ka ce ai ya san laifinsa. Alexandra Horowitz ta gwada wannan a 2009 a New York: fuskar "na yi laifi" tana bin faɗan mai kare ne, ko karen ya aikata ko bai aikata ba. Waɗanda ba su yi komai ba aka yi musu faɗa ma sun fi nuna ta.

Cizo a ƙasarmu ba ƙaramar magana ba ce, saboda ciwon haukan kare. Yana kashe mutane kusan 59,000 a shekara a duniya, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kamar 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Kare mai binne ƙashi ba mahaukaci ba ne, kada ka kashe shi a kan wannan. Abin tsoro shi ne sauyin hali kwatsam: mai fara'a ya koma faɗa ko mai faɗa ya yi laushi, dalala, sauyin murya, taunar itace da duwatsu da haɗiye su. Idan an yi cizo ko yaƙushi, ko da karen gida ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, ba toka ba man birki. A tsare karen kwana 10 ana dubansa, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a ga likita. Allurar rigakafin karnuka a nan gida ake yin ta, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, kuma lissafin masana shi ne idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri, cutar takan daina yawo a tsakaninsu.

Maganar kayan wasa ba zan daɗe a kanta ba, don karenmu ba a saya masa 'yar tsana. Nasa kayan wasan silifar maigida ce, da tsumma, da ƙwallon yara. Hausawa sun riga Turawa lura, su suka ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi. Takalmi yana ɗauke da warin mai shi, yana kuma da daɗin tauna, musamman ga ɗan kwikwiyon da ke sake haƙori tsakanin wata 3 zuwa 6, ko karen da aka ɗaure wuni guda ba abin yi. A ɗaga takalma sama, a ba shi igiya mai kauri da aka ƙulla, a sake shi ya motsa jiki. Abu biyu ne dai suke kama da ajiya alhali ba ita ba ce. Karya da ta gama lokacin barbara da kamar wata ɗaya zuwa uku, ta fara tara silifa da tsummoki a lungu tana kwanciya a kansu tana lasa, nononta har ya kawo ruwa, wannan cikin ƙarya ne, sinadaran jikinta ne suke gaya mata ta haihu. Yakan wuce cikin 'yan makonni, amma a lokacin tana iya cizo a kan "'ya'yan" nata. Sannan karen da ya saba lashe kasko tas, yau ya tsaya yana tura ƙasa a kan abincin da hanci bai ko ɗanɗana ba, yana lasar leɓe, wannan tashin zuciya ne ko ciwon baki. In ya kwana biyu a haka a kai shi wurin likitan dabbobi.

Akwatin yashi kuwa, a nan kam na sara wa shafukan, shawara ce mai kyau, kuma mu ba sai mun sayi akwati ba. Ka zaɓi lungu guda nesa da inda yara ke wasa, nesa da madafa da bakin rijiya, nesa kuma da gindin katangar ƙasa, don ramin da aka tona a nan da rani shi ne ruwan Agusta zai bi ya kwantar da ita. Ka sassauta ƙasar wurin, ka riƙa ɓoye masa busasshen abu a ciki yana gani, in ya tona a can ka yaba masa. Duk 'yan kwanaki ka bi wurin da shebur ka kwashe abin da ya ruɓe.

Kai ma kana da naka binnewar. Ranar layya, huhu ko hantar da ka ga ƙullutu a jikinta, ko kan dabbar da ke juyi kafin a yanka, ko tunkiyar da ta mutu da kanta, kada a jefa su juji kuma kada a ba kare. A ƙone su ƙurmus, ko a haƙa rami mai zurfin aƙalla mita guda a rufe a ɗora duwatsu, don ramin da bai kai gwiwa ba hancin kare zai gano shi kafin asuba. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya jini na fita ta hanci ko dubura kuwa, wannan ko fiɗe ta kada a yi, a kira jami'in lafiyar dabbobi. Irin alamar cutar antaraks ke nan, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja ta Jihar Neja a watan Yulin 2023, kuma ƙwayarta tana iya zama a ƙasa shekaru masu yawa.